Dokar da ke Ganin Ɓarawon Saniya, Ba Ta Ganin Ɓarawon Baitulmali

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, garin Gusau ya cika ya batse. Jama'a sun yi ta kwarara daga jihohin Arewa don su shaida ranar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura zai ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara. Dokar ta soma aiki ranar 27 ga Janairu, 2000, kuma ba a jima ba wasu jihohin suka bi sahu har suka kai 12. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san irin zumuɗin da aka yi, ya kuma san abin da talaka yake nufi idan ya ɗaga murya ya ce sai shari'a. Ya fito ne daga shekara 15 da ɗoriya na mulkin soja. Ya gaji da kotun da ake ɗage ƙara har mai ƙara ya mutu, ya gaji da cajin ofis da ake cewa beli kyauta ne amma sai an sayar da akuya kafin a fito da ɗa. Ranar da yake jira ita ce wadda shi da mai kuɗi za su durƙusa gaban alƙali ɗaya a yi musu hukunci ɗaya.

Yau sama da shekara 25 ke nan. Ni Musulmi ne, wannan buri na talaka nawa ne, kuma har gobe ina kansa. Amma abin da nake gani ya faru shi ne mun yi musayar kaya. Aikin da ya rataya a wuyan iyaye da malamai da dattawan unguwa, wato tarbiyya, mun ɗauka mun ɗora wa doka. Aikin da doka kaɗai take iyawa, wato ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga hannun mai ƙarfi, mun sauke mata, mun bar shi ga wa'azin Juma'a da Allah ya isa.

Kafin in ci gaba akwai abin da ya kamata a fayyace, domin rashin fayyace shi ne yake rufe bakin mutane da yawa. Dimokuraɗiyya ce ta dawo mana da wannan shari'a. Tun 1960 hukuncin manyan laifuka a Arewa ya koma ƙarƙashin dokar Final Kot, wadda gwamnatin Sardauna ta kawo bayan shawarar kwamitin masana da Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta a 1958. A 1978 wakilan Musulmi sun fice daga majalisar tsara kundin mulki kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya, ba su kuma samu abin da suke so ba. Sojoji sun zo sun tafi, hukuncin manyan laifuka bai koma ƙarƙashin shari'a ba. Sai da aka dawo zaɓe, 'yan siyasa suka ga abin da masu ƙuri'a ke so, sannan aka motsa. Kuma sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum kan laifi sai an rubuta laifin da hukuncinsa a cikin doka. Saboda haka dole ta sa kowace jiha ta zauna ta rubuta kundinta, 'yan majalisa suka kaɗa ƙuri'a, gwamna ya sa hannu, gwamnati ta ɗauki alƙalai tana biyansu albashi. Shari'ar Allah tsarkakakkiya ce. Amma kundin da 'yan majalisar jiha suka rubuta, da alƙalin da aka naɗa, da ɗan sandan da ya kawo ƙara, duk aikin 'yan Adam ne, suna daidai suna kuskure. Wanda ya ce an yi zalunci wajen zartarwa bai taɓa addini ba. Mai mulkin da yake so a ɗauki sukarsa a matsayin sukar Musulunci, kansa yake karewa.

A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya. Shi ne mutum na farko da aka zartar wa wannan haddi, duniya duka ta ji sunansa. Shekara 21 bayan haka, ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta wannan gari na Jangebe cikin dare, suka kora ɗalibai 279 cikin daji. A tsakanin waɗannan ranaku biyu an kore garken shanu ba adadi a Zamfara, an ƙone ƙauyuka, an kai matsayin da manomi sai ya biya haraji ga ɗan ta'adda kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinare a yankunan Anka da Bukkuyum. Ina hukuncin waɗanda sakacinsu ko haɗin bakinsu ya kawo wannan? Wa aka gurfanar saboda kuɗin asibiti da na makaranta da na tsaro da suka salwanta? Idan dokar da ta iya kai wa ga hannun mutumin da ya saci saniya ɗaya ta kasa kai wa ga wanda ya cinye albashin malaman firamare na ƙaramar hukuma guda, to an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsoratar da mu a kai. Lokacin da wata mata daga gidan Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka damu, suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma. Annabi ya yi fushi, ya tashi ya yi huɗuba ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabace ku shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa da Faɗima 'yarsa ce ta yi, da ya yanke hannunta. Kowane ɗalibin Islamiyya ya san hadisin nan. Muna karanta shi kamar labarin wasu mutane ne na da, alhali hoton kotunanmu ne. Sayyidina Umar kuma, da aka kawo masa bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka, da ya gane yunwa ake barinsu da ita, sai ya fasa yanke musu hannu, ya ci ubangidansu tarar ninki biyu na kuɗin taguwar. Ya bi laifin har inda ya samo asali. A shekarar fari ma ya dakatar da haddin sata. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, jihar Sakkwato ce a kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari. Shugaban da yake mulkin irin wannan al'umma, idan da gaske koyi yake da Umar, ya san inda zai fara.

Za a ce ai fiƙihu ya bambanta sata da ha'inci, kuma wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ba a yanke masa hannu. Gaskiya ne, akwai hadisi a kan haka. Amma ƙofar ta'aziri, wato hukuncin da aka bar wa shugaba ko alƙali ya ƙiyasta, a buɗe take: a ƙwace dukiyar, a ɗaure, a haramta masa sake riƙe amanar jama'a. Abin da ya toshe hanya ba fiƙihu ba ne. Sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya sanya wa gwamna da mataimakinsa rigar kariya muddin suna kan kujera, idan sun sauka kuma shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara goma ko fiye. Cutar ba ta san addini ba. Jolly Nyame na Taraba, wanda limamin coci ne, da Joshua Dariye na Filato, kotu ta same su da laifin cin dukiyar jihohinsu a 2018, aka ɗaure su, sannan a Afrilun 2022 aka yi musu afuwa. A daidai wannan lokaci gidajen yarinmu cike suke da samarin da suka shekara da shekaru suna jiran shari'a kan wayar hannu ko buhun masara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin abubuwan da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da su, ya ambaci karɓar gaisuwa da ɗora wa talakawa harajin da shari'a ba ta sani ba. Da masu mulki ya fara.

Shari'o'in Safiya Husaini ta Tungar Tudu da Amina Lawal ta Kurami sun koya mana wani abu da ban ga mun riƙe ba. An yanke wa Safiya hukuncin jefewa bisa tuhumar zina a Sakkwato a 2001, Amina kuma a Katsina a 2002. Dukansu matan ƙauye ne, zawarawa, marasa ilimin kotu, kuma a duka shari'o'in mazan da aka ambata sun musanta sun tafi abinsu. Duniya ta yi ta hayaniya, amma abin da ya kuɓutar da su ya fito ne daga cikin shari'ar kanta. Lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim suka ɗaukaka ƙara, suka kawo hujjoji daga littattafan Malikiyya, har da batun kwantaccen ciki da haƙƙin janye iƙirari. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta sallami Safiya a Maris ɗin 2002, ta Katsina ta sallami Amina a Satumban 2003. Ƙa'idar da malamai suka gada ita ce a tunkuɗe haddi da shubuha. To da babu lauya, da babu damar ɗaukaka ƙara, da babu alƙalan sama masu zurfin karatu, da an kashe mata biyu bisa kuskuren alƙalin ƙasa, da sunan Allah. Waɗannan matakai da wasu ke gani kamar kayan Turawa ne, su ne suka tsare shari'a daga zubar da jinin da ba ta halatta ba. Mutum nawa ne ake yanke wa hukunci yau a ƙananan kotuna, babu lauya, babu mai faɗa musu suna da damar zuwa gaba?

Sai batun Hisba, wanda ya fi kowane taɓa rayuwar yau da kullum, musamman a Kano inda aka kafa hukumar da doka a 2003. Ba na cikin masu cewa a rushe ta. Wanda ya taɓa shiga ofishinta da safe ya ga layin mata da goyo, da miji da mata da aka zaunar ana sulhu, da masu bin bashi, da yaran da suka ɓata ana neman iyayensu, ya san tana ɗauke wa talaka nauyin da kotu da 'yan sanda ba sa ɗaukewa, kuma ba a ce ya kawo kuɗin fayil. Auren zawarawa da aka soma a 2012, da auren gatan da aka ɗaura wa ango da amarya 1,800 a 2023, sun rufa wa gidaje asiri. Wannan ɓangare na aikinta abin yabo ne.

Damuwata tana wajen ɗaya ɓangaren, wanda aka fi ɗauka a bidiyo. A tare saurayi a titi a aske masa kai saboda askinsa bai yi wa wani daɗi ba. A kutsa inda mutane suka rufe ƙofa, a kwaso maza da mata a watsa a bayan mota ana ɗaukar hotonsu, kafin dare fuskarsu ta zagaye Facebook da TikTok. Yarinyar da aka yi wa haka, ko da gobe ta tuba, wa zai goge hoton? Alƙur'ani ya hana binciken asirin mutane a cikin Suratul Hujurati, ya hana shiga gidan wani ba izini a cikin Suratun Nur, ya kuma sa bulala 80 ga wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba. Da sahabi Ma'izu ya zo yana iƙirarin zina a kan kansa, Annabi kau da kai ya yi ta yi, daga baya kuma ya ce wa mutumin da ya ba shi shawarar zuwa, da ka suturta shi da mayafinka da ya fi maka alheri. Addinin da ya tsaurara shaida har haka yana nuna mana cewa zunubin da mutum ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa ba farautar hukuma ba ne. A ƙarshen Fabrairun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fito fili ya soki irin wannan kamen, shugaban Hisba Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye aiki, malamai suka shiga tsakani ya dawo bayan 'yan kwanaki. An yi ta muhawara a kan wa ya yi daidai tsakanin mutanen biyu, aka bar tambayar da ta fi muhimmanci: ina iyakar ikon ɗan Hisba, a rubuce, kuma wanda ya ƙetare ta a gaban wa zai amsa? Akwai kuma abin da kowa ke faɗa a majalisa, cewa motar kame ta san hanyar lungu fiye da yadda ta san hanyar unguwannin masu hali. Matasa suna ganin wannan, kuma darasin da suke ɗauka shi ne laifin talauci ne, ba saɓon ba.

Asalin aikin hisba kuwa a kasuwa yake. Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Akwai sura guda da ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu. Ka tsaya a rumfar 'yan hatsi ka duba da kyau. Kwanon awon da ake saye da shi daga hannun baƙauye daban, wanda ake auna wa matar da ta zo da kuɗin kwano ɗaya daban, an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ana tsiri da hannu idan za a saya, ana share baki idan za a sayar. Ga manja da aka haɗa da kala, ga maganin zazzaɓi na jabu da ake ba yaro ya sha ya mutu, ga wake da aka zuba wa maganin ƙwari fiye da kima, ga manyan rumbuna da ake ɓoye abinci sai azumi ya kama a fito da shi da tsada. Nan ne ake cutar da mutumin da ba shi da yadda zai yi, nan ne kuma ake bukatar mai kaki da sanda da takardar sammaci. Da ƙarfin da ake sawa wajen hana ajiye mutum-mutumi a shagon tela an sa rabinsa a kan ma'auni, da kowace uwar gida ta ji amfanin shari'a a tukunyarta.

Ba ina cewa hukuma ta naɗe hannu a kan tarbiyya ba ne. An ruwaito daga Sayyidina Usman cewa Allah yana hanawa da ƙarfin mulki abin da ba a hanuwa da Alƙur'ani, kuma al'umma tana da haƙƙin ta tsare titinta da makarantunta daga fitsara a bainar jama'a. Mai sayar wa yara ƙwaya, da mai shigo da ita katan-katan, da mai lalata da ƙananan yara, duk aikin doka ne, a kuma tsananta. Sai da binciken BBC ya fito a 2018 kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, alhali iyaye a Kano sun daɗe suna kuka. Amma akwai inda hannun doka ba ya kaiwa ko da an so. Tana iya rufe gidan giya, ba ta iya sa wa mutum tsoron Allah. Wanda ya bar cin abinci da rana a Ramadan don tsoron kame bai zama mai azumi ba, ya dai koyi ɓuya. Kunya da gaskiya da amana a gida ake shuka su, a makarantar allo da Islamiyya, a wajen maƙwabcin da a da yake iya tsawata wa ɗan kowa. Uban da bai san inda ɗansa ɗan shekara 14 yake kwana ba, ba shi da bakin tambayar me Hisba take yi.

Inda aka fi bukatar doka kuwa, can ne muka fi jin tsoron ta shiga. Ka je kowace kotun shari'a ta unguwa ka zauna a benci na baya. Za ka ga mace da jariri a baya, wani yaron riƙe da gefen hijabinta, an sake ta da 'ya'ya huɗu. Alƙali zai tambayi tsohon mijin, “Malam, nawa za ka iya bayarwa a wata?” Zai sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya gafarta Malam, kasuwa ba ta tafiya.” A yanka masa abin da bai isa kuɗin koko ba, ya biya wata ɗaya ko biyu ya ɓace, wataƙila ma yana can yana haɗa lefen wata. Ita kuma ba ta da kuɗin motar da za ta yi ta zarya tana karɓo sammaci. Ciyarwa da tufatarwa da mazauni wajibai ne da babu saɓani a kansu a mazhabarmu, amma babu wata hanya mai ƙarfi ta tilasta su, kamar cire kuɗin daga albashi ko daga cinikin shago. Yaran nan su ne gobe ake gani a tasha da kwano, ko da tallan goro a kai, jibi kuma a kama su a ce sun lalace. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na II ya kawo maganar daftarin dokar iyali da malamai da masana suka yi aiki a kai. Maimakon a duba abin da ya ƙunsa game da saki da ciyarwa da dukan mata, sai aka tattara hayaniya a kan ƙarin aure kaɗai, maganar ta bi ruwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba sa ɗansa a makaranta, ta wajabta wa gwamnati bayar da ilimin kyauta har ƙaramar sakandare, ga shi nan duka ɓangarorin biyu suna taka ta hankali kwance. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ta nuna abin da zai yiwu idan malamai da likitoci da 'yan majalisa suka zauna tare: an kare wanda ba a haifa ba daga sikila, an kare amarya daga cutar da aka ɓoye mata, kuma babu wanda ya ce an taɓa addini.

Ba mu kaɗai ba ne a ƙasar nan, kuma wannan ma yana cikin lissafi. Sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, shi ne kuma yake kare masallacin Bahaushe a Fatakwal kamar yadda yake kare cocin Sabon Gari. Kaduna ta ɗanɗana kuɗar rashin fahimtar juna kan batun shari'a a Fabrairun 2000, aka yi asarar rayuka masu yawan gaske, garin ya rabe gida biyu har yau kogi ne iyaka. Mafitar da gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta samo a 2001 ita ce kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga waɗanda ba Musulmi ba, ga kuma kotunan majistare. Ba kowa ya gamsu ba, amma da zama da ciniki aka kai ga hakan, kuma ya fi gawa a titi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ɗaukar doka a hannu yake neman zama ibada a idon wasu matasanmu. A Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. A Yunin 2023 aka kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi, a garin na Sakkwato, shi ma bisa zargin ɓatanci. Babu Musulmin da zai ji an taɓa janibin Annabi ransa bai ɓaci ba, ni ma haka. Amma babu malamin mazhaba da ya ba taron jama'a ikon tuhuma da yanke hukunci da zartarwa cikin minti goma. Hukunci na shugaba ne da alƙalinsa, bayan shaida, bayan an ji ta bakin wanda ake tuhuma. Idan ihu ya isa hujja, to duk mai gaba da kai a kasuwa ya samu makami. Kuma a Maris ɗin 2025, da aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar zuwa gida yin salla, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su, dukanmu mun yi kuka mun ce ina doka. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma sun tabbatar wa kansu cewa masu laifi suke hukuntawa. Ba za mu nemi kotu ga namu a Edo mu yafe ta ga na wasu a Sakkwato ba.

Duk wannan yana komawa ga ranar zaɓe, domin a tsarin da muke ciki masu rubuta doka mu muke tura su. Mutumin da ya yi sallar asuba a sahun farko shi ne da hantsi zai karɓi taliya da sabulu da 'yan dubbai ya dangwala wa wanda ya san ɓarawo ne, alhali ya san an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kuma ƙuri'a shaida ce da za a tambaye shi a kanta. Na san yunwa ce take kai wasu, ba na kuma ɗora wa mai yunwa laifi daidai da wanda ya yunwatar da shi. Nauyin ya fi yawa a kan malaman da ake jin maganarsu. Malamin da ya hau mumbari ya ce a zaɓi wane don addini, ya zama wajibi a kansa ya sake hawa mumbarin nan ya tambayi wanen ina kuɗin asibiti, ina fanshon tsofaffin ma'aikata. Idan kujerar Makka da mota sun rufe masa baki, matasa suna kallo, kuma abin da ke zubewa a idonsu ya wuce darajar malamin shi kaɗai.

Mun fi sanin sunan ɗan takarar shugaban ƙasa fiye da na ɗan majalisar jiha, alhali shi wannan na biyun shi ne yake da hannu a dokar Hisba, da dokar iyali, da kasafin kotunan shari'a, da kuɗin hukumar zakka. Kano tana da irinsu 40, Zamfara 24. Idan ɗayansu ya zo ƙofar gida neman ƙuri'a, ya ce shi mai kishin shari'a ne, ina so a tambaye shi ko zai kawo ƙudurin da zai tilasta wa uba ciyar da 'ya'yan da ya saki uwarsu, ko zai sa a ba duk wanda ake tuhuma da babban laifi lauya a kotun shari'a, ko zai yarda a rubuta wa ɗan Hisba iyakarsa a kuma tura shi kasuwa da ma'auni, ko zai goyi bayan a binciki gwamnan jam'iyyarsa idan kuɗi sun ɓace. A rubuta amsar da ya bayar, a ajiye, a karanta masa ita bayan shekara huɗu idan ya dawo.